Argungu, Garin da ya Jingina da Gulbi

Da wuya mu faɗa wa baƙo cewa mu mutanen Argungu ne bai yi murmushi ya tambaye mu ina kifinsa ba. In kuwa Bakatsine ne, to mun shiga uku, domin taubashinmu ne, sai ya toshe hanci ya ce ai tun daga nesa ya jiwo ƙarni. Ba ma jin haushi. Kifin namu ne, kuma shi ya kai sunan garinmu inda ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba. Abin da ke ɗan sosa mana rai shi ne yawancin masu kallon hoton nan na dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da koma da gora sun ɗauka tarihin garin ke nan gaba ɗaya. Alhali bikin da suke gani bai cika shekara 100 ba, ruwan da ake yin sa a ciki kuwa ya haura shekara 500 yana ɗauke da masarautar Kabi.

Argungu tana cikin jihar Kebbi. Wanda ya taso daga Sakkwato zai yi tafiyar kimanin kilomita 100 kudu maso yamma kafin ya iso, Birnin Kebbi kuma tana gaba da kamar rabin haka. Garin yana bisa tudu, a gabashin gulbi. Wannan gulbin shi ne wanda ake samu bayan Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sun haɗe kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ya gangaro ta wajenmu, ya wuce Birnin Kebbi, Gulbin Zamfara da na Ka su zubo masa, sannan ya faɗa Kwara. Taswira ta kira shi abin da ta ga dama, mu Gulbin Kabi muka sani.

Baƙon da ya zo a watan Maris zai iya raina shi. Zai tarar da rassan ruwa nan da can, da tafkuna, da yashi, da shanun Fulani suna kiwo inda aka ce masa gulbi ne. Sai ya dawo a ƙarshen damina ya tsaya a bakin gari ya dubi yamma. Fadamar nan mai faɗin kilomitoci takan zama shimfiɗar ruwa guda, shinkafa ta yi kore shar a samanta, ƙauyuka su koma tsibirai, mai zuwa kasuwa sai da kwalekwale. Ruwan sama a nan na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙasar tudu jigawa ce ta gero da wake. Wadatar da ta bambanta mu da maƙwabta daga fadama take. Ambaliya ke kawo laka mai taki, ita ke shayar da shinkafa, cikin ciyawar da ta rufe kifi ke zuba ƙwai, in ta janye kuma ta bar wa makiyayi ɗanyar ciyawa da rani. Wanda ya riƙe wannan hoton a ransa, sauran labarin ba zai ba shi wuya ba.

Masarautar ba a Argungu ta fara ba. Ta fara ne da Muhammadu Kanta a farkon ƙarni na 16. Labarin baka yana cewa mahaifinsa baƙo ne da ya zauna a ƙasar Katsina ya auri 'yar sarki, kuma daga nan ne wasan da ke tsakaninmu da Katsinawa ya samo tushe. Ana cewa yaron ya tashi cikin makiyaya, ƙaƙƙarfa, ɗan dambe wanda ba a kai shi ƙasa. Wannan na baka ne. A rubuce kuwa, littafin Tarikhus Sudan da Abdurrahman Assa'adi ya rubuta a Tambutu ya kawo labarin yadda Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, aka dawo da ganima, aka yi rabon da bai gamshe shi ba, ya ce ya daina bi. Wajen 1516 zuwa 1517 ke nan. Sanwai a lokacin ita ce babbar daular yammacin Sudan, ta aiko da runduna don ta ladabtar da shi, rundunar ta koma da kunya. Askiyoyin da suka biyo baya sun sake gwadawa, ba su ga da kyau ba. Daga gabas kuma ya kara da Barno, kuma a hanyar dawowa daga wannan yaƙin ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ajali ya cim masa.

Biranensa uku ake ambata: Surame da Gungu da Leka. Daga Leka gidan sarautarmu ya sami sunan Lekawa. Surame ce hedikwata, kuma kufanta yana nan har yau cikin jihar Sakkwato, da ragowar ganuwarsa ta duwatsu, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da ake gini da laka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba za a ce yana da dalilin yabon Kabawa ba, ya ambaci girman wannan kufai a Infaƙul Maisuri. Tsofaffi suna da labarai da yawa kan ginin. Wanda aka fi so shi ne na Nufawa, wai sun makara zuwa aikin gayya, sai Kanta ya ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. Akwai kuma na jirginsa, wanda aka ce an lulluɓe shi da jan ƙarfe, a ciki yake zaga garuruwansa idan ruwa ya cika fadama. Mu wannan na biyun ya fi ɗaukar mana hankali. Sarakunan ƙasar Hausa da doki aka san su, namu na farko kuwa ga shi cikin jirgi.

A nan bari mu ɗan ratse. A makarantar firamare an koya mana, kamar yadda aka koya wa kowa, cewa akwai Hausa Bakwai akwai Banza Bakwai, kuma Kabi tana cikin na biyun. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, an ba mu maki. Sai da muka girma muka fara tambayar yadda ƙasar da ta tsaya wa Sanwai da Barno a zamani guda, wadda mutanenta ba su da wani harshe sai Hausa, ta zama banza. Jerin nan labarin asali ne na gidajen sarautar da ke danganta kansu da Bayajida, kuma a matsayinsa na haka yana da darajarsa. Amma ba ma'aunin wane ne Bahaushe ba ne, kuma ya kamata malamai su riƙa faɗa wa yara haka. Hausarmu dai ta yamma ce, irin wadda Bakano ke dariya in ya ji: mu “zamna” muke yi, “biyat” muke ƙirgawa, “abduga” muke kaɗawa. Masana harshe sun ce a kalmomi irin waɗannan mu ne muka riƙe tsohuwar siga, saboda haka dariyar ba ta dame mu ba.

Bayan Kanta ƙarfin Kabi ya ɗore fiye da ƙarni guda, sannan ya fara ja baya. Zamfarawa da Gobirawa da Azbinawa suka yi ta gutsurar ƙasar, har aka bar Surame wajen shekarar 1700, aka koma Birnin Kabi, wadda yau ake rubutawa Birnin Kebbi. A can jihadi ya same mu. A 1805, shekara guda bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci birnin. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice da waɗanda suka bi shi. Masu jihadi suka naɗa Usman Masa, ɗan gidan sarautar, amma kafin shekarar ta ƙare ya juya musu baya, aka gwabza a Alwasa, nan kusa da mu, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa kafin su farfaɗo a Gwandu.

Wannan wuri ne da Bakabe ke taka-tsantsan in yana ba da labari, domin mu Musulmi ne, kakanninmu ma da suka yi yaƙin Musulmi ne, sunayensu kaɗai sun isa shaida: Muhammadu, Sama'ila, Yakubu, Yusufu, Abdullahi. Kabawa da yawa sun bi Shehu tun farko, kuma ba a rasa malamai a cikinsu ba. Waɗanda suka ƙi, abin da suka ƙi shi ne a mayar da gadon Kanta ƙarƙashin Gwandu. Malaman Sakkwato suna da hujjojinsu da suka rubuta, mun karanta, muna girmama su. Namu kakannin ba su bar littattafai da yawa ba, sai dai sun bar gari.

Hodi ya yi shekara ashirin yana yaƙi daga wannan sansani zuwa wancan, har aka kashe shi a 1826. Ƙaninsa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, shi ya zauna a Argungu. Ana cewa sunan garin daga kiran da masunta ke yi wa juna ne, “Ar, mu yi gungu”, wato mu taru wuri guda. Ko haka ne ko ba haka ba, sunan ya dace da abin da ya faru, domin nan ne waɗanda aka tarwatsa suka taru. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka kewaye garin har ya faɗi. Karari ya haye gulbi ya yi yamma, aka bi shi. Labarin da ake bayarwa shi ne da ya ga ba mafita, sai ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa ya zauna a kai yana jiran masu binsa. Ɗansa Yakubu Nabame aka kama shi aka tafi da shi.

Da a ce labari ne na ƙirƙira, da nan ya ƙare. Yakubu ya yi shekara goma sha wani abu a hannun masu mulkin Sakkwato, ya ga zamanin Bello da na Atiku da na Aliyu Babba. Ba a wulaƙanta shi ba. Ya zauna a fada, ya fita yaƙi tare da su. An ce a wani karo da Gobirawa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai aka saka masa da izinin komawa gida. A 1849 ya yi tawaye. Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya, ya sake tayar da Argungu, kuma tun daga ranar har zuwan Turawa ba a sake cin garin da yaƙi ba. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya bi ta Gwandu a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya tarar da hanyoyin yankin ba sa biyuwa sai da tsoro saboda wannan tawaye.

Mutum zai yi mamakin yadda ƙaramin gari ya yi shekara hamsin yana tsaye a tsakanin Sakkwato da Gwandu, hedikwatoci biyu na daular da ta kai har Adamawa. Gwandu fa ba ta fi tafiyar yini guda daga nan ba. Masu son taƙaitawa sukan ce gulbi ne ya raba mu da su. Ba haka ba ne, gefe ɗaya muke da Gwandu da Sakkwato. Amfanin gulbin shi ne yana bayanmu. Ƙarfin rundunar daular a doki yake, doki kuwa ba ya sukuwa a cikin taɓo, saboda haka mai son kewaye Argungu zai iya tsare gabas, amma yamma ta gagare shi sai ɗan lokaci kaɗan da rani. Garin da ke da shinkafa a rumbu da kifi a bayan gida ba a saurin karya shi da yunwa ko ƙishirwa. Ta fadamar nan taimako ke zuwa daga Arewa da Zabarma, ta nan ake tsallakar da mata da yara in abu ya yi tsanani, kuma masu jiragen duk namu ne. Ga garuruwa masu ganuwa a jere a bakin ruwan, irin su Augie da Gulma da Sauwa, kowanne yana jin kukan ɗan'uwansa. Darasin 1831 shi ne gulbi kaɗai ba ya isa in babu abokai a ƙetarensa, kuma Yakubu ya dawo da wannan darasin a ka.

An biya farashi mai tsada. Yakubu ya mutu a fagen fama a 1854. Yusufu Mainasara da ya gaje shi an kashe shi a 1859. Shekara guda bayan haka Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a Karakara. Da kowa ya gaji, aka yi sulhu a 1867 zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda har yau ake kira Lafiyar Toga. Cikin sharuɗɗansa akwai amincewa da cewa Argungu tana cin gashin kanta. Shekara takwas aka yi ana noma ana fatauci, sannan wuta ta sake tashi.

Sai Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda ake kira Sama, ya hau a 1883. Shi ne jarumin da makaɗa suka fi wasawa, ana cewa ya ƙone garuruwa casa'in na abokan gaba. Mu da muke alfahari da shi ya kamata mu tuna cewa garuruwan nan akwai mutane a cikinsu, talakawa ne masu magana da harshenmu, kuma jikokinsu yau surukanmu ne. A zamaninsa ne Sarkin Musulmi Abdurrahman, Ɗanyen Kasko, ya tara rundunar daula ya zo Argungu wajen 1892, ya koma ba nasara. Kanawa suna da rabo a wannan labarin. A wannan yaƙin ne Galadiman Kano Tukur ya nuna bajintar da ta sa Abdurrahman ya ƙaunace shi, har ya naɗa shi Sarkin Kano a 1893 bisa rashin son yawancin gidan Dabo, abin da ya haifar da Yaƙin Basasa. Wato wani ɓangare na rikicin da ya raba Kano biyu, a bakin ganuwarmu aka shuka shi.

Zuwan Turawa shi ne babin da ba mu cika son a tsaya a kai ba. Faransawa sun fara biyowa, Monteil ya ratsa garin a 1891. Da Ingilishi suka zo, Sama ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, suka ajiye sojoji a Argungu a 1902, kafin su ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A wajensa lissafi ne mai sauƙi: ga masu ƙarfin da za su raba shi da abokan gabar shekara ɗari. Ya sami abin da yake so ta wani gefen, domin an bar Argungu masarauta mai zaman kanta, ba a sa ta ƙarƙashin Gwandu ba. Ta wani gefen kuma ya yi asara, saboda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta yanke mafi yawan ƙasashen abokansa, Zabarma da babban ɓangaren Arewa da Dandi, ta jefa su cikin abin da ya zama Nijar. Shi ya sa har yau Ba'are na Kangiwa yake da dangi a Dogon Dutsi, mutumin Kamba yake da su a Gaya. Yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Argungu da Augie da Arewa da Dandi. Wani abin da kan rikita baƙo shi ne in ya je Birnin Kebbi, tsohuwar hedikwatar Kabi, Sarkin Gwandu zai tarar. Sarkin Kabi yana Argungu. Ga kuma Sarkin Kabin Yabo da Sarkin Kabin Jega, sarautun da suka samo asali daga ɓangaren masu jihadi. Sunan kansa an yi ta jayayya a kansa kamar yadda aka yi a kan ƙasar.

Duk da an daina harbi, gaba ba ta mutu nan take ba. Shekara talatin aka yi ƙarƙashin Turawa, Sakkwato da Argungu suna kallon juna a kaikaice. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Sarkin Musulmi ya zo Argungu da rawani da carbi, ba da mashi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsofaffin da suka ga 1892 da idonsu, kuma a lokacin suna da yawa a raye. To me za a nuna wa baƙo irin wannan? Hawan dawaki ya fi mu su. Sai aka tara masunta aka yi masa su, aka kai manyan kifaye gabansa. Daga nan bikin ya samo asali. Mun sha jin masu jawabi suna cewa an kafa shi ne don jawo masu yawon buɗe ido. Wannan daga baya ne ya zo, musamman bayan 1970 da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta. Asalinsa karɓar baƙo ne, kuma baƙon jikan waɗanda aka yi ƙarni ana yaƙi da su.

Su ɗin kansa kuwa ya girmi 1934 nesa ba kusa ba. Ruwa a ƙasar Kabi yana da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, sarautu ne na gado. Akwai wuraren da ake rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe, kuma Matan Fada, inda ake gasar, yana cikinsu. Kafin buɗewa akan yi gyaran ruwa, sannan fashin ruwa. A da ana yanka ana roƙon iskokin ruwa. Yau addu'a ta maye gurbin mafi yawan wannan, ko da yake har yanzu mutane suna cewa sai Sarkin Ruwa ya sallami kadoji kafin kowa ya shiga. Kowa da abin da ya ɗauka game da zancen kadoji. Amma in aka cire shi gefe aka dubi dokar kanta, za a ga hikimar masu ita: an hana kamu a inda kifi ke taruwa lokacin da ruwa ya ja baya, an bar shi ya girma, an kuma hana mai babban taru ya kwashe rabon jama'a shi kaɗai. Kakanninmu ba su da ma'aikatar kula da kifi, tsoron Sarkin Ruwa ne ke yin aikin.

Ranar gasa masunta kan jeru nesa da gaɓa, kowa da komarsa biyu, ɗaya a kowane hannu, da ƙaton gora mai baki a sama. Goran nan abu biyu yake yi: mutum ya kwanta a kansa da ciki ya yi iyo, ya kuma jefa ƙananan kifayen da ya kama a ciki. Da an harba bindiga sai ƙura ta tashi, cikin ɗan lokaci ruwan ya koma kawuna da goruna, makaɗa suna bi cikin jirage. Ba a yarda da taru ko birgi ba. Mai neman babban kifi sai ya nutse ya lalubo shi a rami, ya rufe shi da koma, su yi kokawa a ƙarƙashin ruwa. Ana samun tarwaɗa da karfasa da kurungu da yauni, amma giwan ruwa ake nema. Wanda ya ci a 2005 nauyinsa kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi kan ma'auni. Kafin ranar kuma akwai kabanci, wanda mu 'yan gari muka fi so: tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, nutso a ga wanda zai fi daɗewa. Ga dambe da kokawa da dare. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Wanda ya zo kada ya koma bai shiga Gidan Tarihi na Kanta ba. Tsohuwar fada ce, sarakuna sun zauna a ciki har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da sulke da tambura da kayan su, kuma a nan kaburburan sarakunan suke. Yawancin baƙi ba sa zuwa, daga filin gasa sai mota.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ruwan nan yana canzawa a gaban idonmu. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka bi da ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980. An gina su don noman rani da ruwan sha, kuma mutanen can sama sun amfana. Amma madatsa aikinta ta riƙe ruwan damina, ruwan daminar nan kuwa shi ne ambaliyar da fadamarmu ke jira. Da ta ragu, filin da ake shuka shinkafar gargajiya mai bin ruwa ya ragu, ciyawar da kifi ke haihuwa a ciki ta ragu, yashi ya yi ta cike rassan gulbin. A 2006 sai da aka yi biki ba a shiga su ba saboda ƙarancin ruwa. A 2008 aka karɓe kyauta daga wanda aka fara cewa ya ci, bayan an gano cewa kifin nasa ba a Matan Fada aka kama shi ba. An yi ta dariya a gari, amma dattawan masunta ba su yi ba. Bayan 2009 kuma aka yi shekara goma ba a yi bikin ba gaba ɗaya, ga matsalar tsaro ga ta ruwa, har aka sami yaran da suka gama firamare ba su taɓa jin bindigar Matan Fada ba.

Ba za mu ce komai ya lalace ba. Injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse sun sa ana noman shinkafa da rani a inda da sai damina, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a nan Argungu a 2017, kuɗi sun shigo hannun mutane da yawa. Matasan da da za su tafi ci-rani suna zaune a gona. Sai dai wannan noma ne na fetur da taki da maganin feshi, abin da ya rage daga maganin kuma cikin ruwan yake komawa. Ɗan masunci da ya ga shinkafa ta fi kawo kuɗi ba zai zauna yana saƙa koma ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Dokar Sarkin Ruwa tana aiki a Matan Fada, amma ikonsa bai kai Goronyo ba, can kuwa ake yanke shawarar yawan ruwan da zai iso mana da ranar da zai iso.

A watan Maris na 2020 bikin ya dawo. Shugaba Muhammadu Buhari ya zo buɗewa, Sarkin Kabi Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, wanda ke kan gado tun 1996, ya karɓi baƙi, aka fito da kifi mai kilo 78, gari ya yi kwana huɗu ba barci. Wata shida bayan haka ruwa ya zo da ƙarfin da aka daɗe ba a gani ba, ya shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar ana dab da girbi, ya karya gadoji, ya rushe gidajen laka a ƙauyukan fadama. Manoman da suka ci bashi suka shuka sun tsaya a kan tudu suna kallon inda gonakinsu suke. A makonnin nan masu kwalekwale ne suka riƙa kwaso mutane da awaki da buhunan da aka iya ceta, yawancinsu 'ya'yan masunta, da irin jiragen da ake tsere da su ranar kabanci.